Musayar Waƙa: An Sace Ni a Mafarki

'Yar Aboabo
Salamu alaikum jama'a. Daga Kumasi ta Ghana nake. Yau da gumi na farka. Mai amsa ya amsa da baiti.

Jiya na yi mafarki mai ban tsoro,
Na hau motar haya ta trotro da kwandon goro,
Muka wuce tashar Kejetia ba a tsaya ba,
Na ce a sauke ni, ba a kula ba.
Suka ɗaure idona da ɗankwalina,
Suka ƙwace waya suna neman babana,
Na buɗe baki, ihu ya ƙi fita,
Ƙafa ta yi nauyi na kasa ɗaga ta.
Kiran assalatu ne ya tashe ni,
Masu ilimi, ku zo ku fahimtar da ni.

Direban Sawaba
Ƙanwata, ki daina ɓata mana suna,
Mu da ke neman na cefane cikin rana.
Waakye kika narka da shito da taliya,
Ciki ya ɗau lodi, dole ki sha wuya.
Ihun da ya maƙale, ƙafar da ta ƙi tashi,
Dannau ne, rage cin dare ki rabu da shi.

Malam na Asawase
Direba, ba duka ake ɗora wa ciki ba. Ɗiyata, saurara.

Mafarki uku ne, haka Manzo ya faɗa mana,
Ɗaya bushara ce daga Allah Ubangijina,
Ɗaya tsoratarwar Shaiɗan ce ga mai kwana,
Na uku zancen zuci, wanda ka yini da shi da rana,
Ya biyo ka har shimfiɗa ya sake kama da suna.

In mummuna ne, tofi sau uku ta hagunki,
Ki nemi tsarin Allah, ki juya kwanciyarki,
Ki kama baki, ba abin da zai same ki,
Ke ko kin shanya shi nan, kowa ya ji sirrinki,
To gaya mini, me kika kwana da shi a ranki?

'Yar Aboabo
Malam, ka kama ni. Tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2022, in waya ta yi ƙara da dare gaban kowa faɗuwa yake a gidanmu.

Yayana na can Kaduna yana fatauci,
Hanyar Birnin Gwari yake bi neman abinci,
Kwana huɗu waya a kashe, babu labari,
Inna ta ture tuwo, mu ke ba ta haƙuri.

Hajiya Kaka ta Alabar
Jikata, tsoron nan ya girme ki, ya girme ni,
Kakata ta ba ni labarin kasuwar bayi ta Salaga, har yau bai bar ni.
Ayarin Kano kan iso Gwanja da kanwa da tufafi,
Gefen kasuwa ga mutane a ɗaure, rana da zafi.
Rijiyoyin garin suna nan, je ki gani da idonki,
Wasu bayin da aka yi wa wanka a can, jininsu na jikina da jikinki.
Mutanenmu suka watse bayan yaƙin Salaga na 1892,
Suka taho da goro, da tsoro, duka biyu.

Ɗan Nima
Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana, Hajiya. Kar mu jingina satar mutane ga Najeriya kaɗai.

'Yan matan Takoradi da aka sace a 2018, mun ji mun yi kuka,
A 2019 Turawan Kanada biyu, a Kumasi aka ɗauka,
Su an ceto su da rai, Allah ya kyauta,
Yaya, in za ki hau tasi da dare, duba lambarta.

Malam na Asawase
Annabi Yusufu 'yan'uwa suka jefa a rijiya,
Ayari ya tsince shi, aka sayar da shi kamar kaya,
Dirhami kaɗan aka biya, ga shi a Sura ta 12 duka,
Ƙarshensa taskokin Masar aka ɗauka aka damƙa.
Ni ba zan ce an kama yayanki ba, Allah ya tsare,
Damuwar Inna ce kika kwasa kika kai cikin dare.
Ki sai ƙosai da koko ki kai wa 'yan makaranta,
Ki nemi lambar abokin tafiyarsa ki gwada ta.

'Yar Aboabo
Alhamdu lillahi! Bayan magariba ya kira da wayar aro.

Lafiyarsa lau, a tasha aka zare masa waya,
Inna ta yi guɗa, ta ce a ɗumama mata miya,
Ko gaisuwa bai gama ba ya sako mini magiya,
Wai in turo masa kuɗi ya sai wata sabuwa.

Direban Sawaba
Ashe fassara ta fito, Malam a yi mini shaida,
Kuɗin fansa dai sai an biya, ba gardama ba faɗa.
Ba ke aka kama ba, aljihunki aka tare,
Nawa ya ce, ƙanwata? Kuma me za ki ci da dare?