Me ya hana takardar habeas corpus fitar da waɗanda ake bi bashi daga kurkukun Ingila?

Ɗalibar Shari'a: Assalamu alaikum. Jarrabawa ta matso, kaina kuma ya ɗaure a wuri guda. Malaminmu ya ce habeas corpus umarni ne daga alƙali zuwa ga mai riƙe da fursuna: kawo shi gabana, ka faɗi dalilin tsare shi. Ingila ta yi doka a kai tun 1679. To, yaya aka yi a 1824 mahaifin marubucin nan Charles Dickens ya yi wata uku a gidan yarin Marshalsea kan bashin fam 40 da 'yan kai? Ko takardar ta masu hali ce kawai?

Tsohon Magatakarda: Wa alaikumus salam, 'yata. Tambaya ɗaya alƙalin ke yi: doka ta yarda da tsarewar? A zamanin kuwa ta yarda, mai bin bashi na riƙe da takardar kotu. Dokar 1679 ta masu laifi ce, ta ma fito fili ta cire bashi, dokar habeas corpus ta 1816 ma ta cire shi.

Zarginki dai bai tashi a banza ba. Wanda aka kulle a kurkukun lardi, in yana da kuɗin lauya, yakan nemi takardar a kai shi gaban kotu a Landan, daga can a mai da shi kurkukun Fleet ko na King's Bench. A nan ana hayar ɗaki, wani har iyalinsa ya kwaso. Mai ɗan ƙarfi ya biya, a bar shi ya kama gida a unguwar da ke kewaye da kurkukun. Sauyin ɗaki ta ba su, ba 'yanci ba.

Mai Sauraro: Ikon Allah! Mutum ya kasa biya, a kulle shi inda ba zai nema ba, sannan a bi shi kuɗin ɗaki da na abinci. Sai a 1869 suka soke abin, shi ma da saura: wanda yake da halin biya ya ƙi, a lokacin kotu na iya ɗaure shi har mako shida.

Ɗalibar Shari'a: Na gode, Baba, yanzu na gane inda na kauce. Sauran ɗaya: sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa ta 1966 ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika kwangila. Yau in an tsare wani kan bashi zalla, takardar za ta fisshe shi?

Tsohon Magatakarda: In bashi ne zalla, kuma dokar ƙasar ta hana, tana aiki. Sai dai ki fara duba abin da aka rubuta a takardar tuhuma, don sau da yawa mai bin bashi ba ya cewa bashi, zamba yake cewa.