Abin da na tsinta a hirar majalisa kan fetur

Daren jiya a majalisarmu ta Ƙofar Soro, hira ta koma kan fetur, wanda kowa ke ji a jikinsa tun cire tallafi a 2023. Wani dattijo ya ce mai ba ruwan rijiya ba ne da zai sake tsattsafowa, abin da aka haƙo ya tafi ke nan.

Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce manoman rani su koma famfon sola, ko da karo-karo za a yi, mutum uku su haɗu su sayi faranti. An ce masu Keke Napep su gwada CNG, wato iskar gas da ababen hawa ke amfani da ita a madadin fetur, amma ni dai sai na ga gidajen sayar da gas ɗin sun yawaita. Aka kuma ce a matsa wa hukuma ta kula da injinan samar da lantarki daga iska na Lambar Rimi a jihar Katsina, masu jimillar megawat 10.