Ɗan tuta ko mai tuta? Neman sunan Hausa ga ensign

Jama'a, ina fassara wani rubutu kan tsohuwar rundunar Ingila sai na ci karo da kalmar ensign, alƙalami ya tsaya cak. Ku zo mu nemo mata suna.

Kalmar fuska uku gare ta. Tutar da jirgin ruwa ke kafawa don a san ƙasarsa, ensign ce. Sojan da ke ɗauke da tutar runduna, shi ma ensign. Sannan muƙami ne: a sojan ƙasa na Ingila shi ne mafi ƙanƙantar hafsa, yawanci saurayi sabon shiga, kuma shi ake danƙa wa tuta. A 1871 aka soke muƙamin, aka maye gurbinsa da laftanan mai anini ɗaya. Sojan ruwan Amurka har gobe suna kiran ƙaramin hafsansu da wannan suna, alhali ba ya ɗaukar ko ƙyalle.

Na farko ba gardama, tutar jirgi. Na biyu ne ya hana ni barci.

Da na tambayi mutane, amsar da ta fara shigowa ita ce "mai tuta", mutane da dama suka ce an gama. Ni ma da ita na fara, sai wani dattijo ya ja hankalina: "Ɗana, mai tuta ai yana da masu shi." Gaskiyarsa. Ka ce "masu tuta" a gaban wanda ya san tarihin jihadin 1804, ba yaro mai sanda a hannu zai gani ba. Zai ga Modibbo Adama, da Buba Yero na Gombe, da Yakubu na Bauchi, da Malam Musa na Zazzau, da Ummarun Dallaje na Katsina, mutanen da aka ba tuta daga wurin Shehu Usmanu. Tutar nan izini ce ta jagoranci da yaƙi da sunan jama'a. Wanda aka ba ita shi ne shugaba, ko da wani ne ke riƙe da sandar ranar gumurzu. Idan na kira matashin hafsan Ingila "mai tuta", na naɗa masa rawanin da ya fi ƙarfin kansa.

Wata 'yar'uwa ta kawo "maɗaukin tuta". Ginin kalmar daidai ne, kamar maɗinki da maƙeri. Amma ku faɗe ta da sauri sau uku. Kunne na zamewa zuwa Madaki, wato shugaban mahaya dawakai, sai a ɗauka sarauta ake nufi. "Mariƙin tuta" kuma ya fi kama da sunan abin da ake soke tutar a ciki. "Sarkin tuta" ya yi daɗi, sai dai fada yake kai mutum, ba bariki ba.

Kafin in faɗi tawa, ku duba yadda wasu suka yi. Jamusawa sun ce Fähnrich, daga Fahne, tuta. Rashawa sun ce praporshchik, daga prapor, ita ma tuta. Turkawa suna da bayraktar, kuma eh, sunan nan ne da ke jikin jirgi maras matuƙi Bayraktar TB2 da ake ta ji a labarai, sunan dangin masu kamfanin ne. Mutanen Sifen su kam hanya dabam suka bi: alférez, aron Larabci ne daga alfaris, mahayin doki. Mafi yawansu tuta suka ɗauka suka liƙa mata ɗan abin da ke nuna mai aikin, shi ke nan.

To ai mu ma muna da wannan dabarar, kuma a bakin masu kaki ta fi zama: ɗan sanda, ɗan doka, ɗan bindiga. Me zai hana ɗan tuta? Jam'i 'yan tuta, mace 'yar tuta. Gajere ne, ba ya taka sawun kowa.

An yi mini ƙorafi cewa "ɗan" na ƙasƙantar da aikin, tunda ba kowa ake ba tuta ba. Na ji wannan, kuma ba ƙaramar magana ba ce. A zamanin da ba rediyo, tuta ce ke gaya wa mayaƙi inda 'yan'uwansa suke cikin ƙura, in ta faɗi zukata su karaya. Shi ya sa a Uhudu aka yi ta kai wa Mus'abu ɗan Umairu, mai riƙe da tutar Musulmi, sara har ya yi shahada. A Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, ta fita daga hannun Zaidu ɗan Harisa zuwa Ja'afar ɗan Abi Ɗalib, zuwa Abdullahi ɗan Rawaha, duk ukun suka kwanta dama kafin Khalid ya karɓe ta. Amma ku lura, waɗannan ukun kwamandoji ne, Annabi (SAW) ne ya jera sunayensu tun daga Madina. Su masu tuta ne a ma'anar da dattijon nan ya faɗa. Ashe ma ƙorafin ya ƙara nuna cewa kalma biyu muke buƙata.

Ga inda na tsaya. Wanda aka ba tuta a matsayin izini da shugabanci, mai tuta. Sojan da aikinsa ɗaukarta a fagen fama ko a fareti, ɗan tuta. Na sojan ruwan Amurka kuwa kada a sa masa tuta sam, mai karatu zai yi ta neman ta bai gani ba. A ce ƙaramin hafsan sojan ruwa.

'Yan jaridarmu kuma, don Allah, wanda ya ci zaɓen fid da gwani ɗan takara ne, ko da Turanci na ce masa flag bearer. Kada gobe in ji an kira shi ɗan tutar jam'iyya a ce ni na koya.