Dogon gilashina ya daina kama doki daidai lokacin jafi, ko an sayar mini da mai matsala ne?

Mai Hoton Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah a ba ni shawara kafin in je in yi faɗan da zan zo ina jin kunya.

Shekara biyar ina hoton biki da suna da kyamarata Canon 80D da ɗan gajeren gilashi. Watan da ya wuce na tattara abin da na tara, na haɗa da kuɗin adashin uwargida, na sayi dogon gilashi Sigma 150-600 na hannu, wanda ake kira Contemporary, a wajen wani mutum da ke shigo da kayan hoto. A gaban shagonsa na gwada shi, na zuƙo wani allon talla da ke can ƙarshen layi, har lambar wayar da ke jiki na karanta tsaf. Na biya na taho ina ta murna.

Asabar ɗin nan abokina ya yi hawan angwanci a wani fili wajen Ɗorayi, ni aka ba aikin. Bayan la'asar dawaki suka jeru can nesa, na durƙusa a ƙasa na saita. Da suka taso a sukwane, wallahi abin gwanin sha'awa, ina danna shota yana kamawa, har zaren jalala da kumfar bakin doki ana gani. To amma da suka matso, daidai inda ango zai ja linzami doki ya yi tsaye ya ɗaga hannu ya yi jafi, sai komai ya koma dishi-dishi. Na saki maɓallin na sake dannawa, shiru. Sau uku suka yi wannan sukuwar, sau uku abu ɗaya. Hoton da aka ɗauke ni aiki dominsa shi ne babu. Fuskar ango ta fito kamar an shafa mata man shanu, amma yaran da ke kan katanga a bayansa sun fito ras.

Jiya da safe na sake gwadawa a tsakar gida. 'Yata na zaune a kan tabarma tana shan koko, tsakaninmu bai fi taku bakwai ba, ya ƙi kama ta ƙememe. Na ɗaga shi sama wajen tankin ruwan maƙwabta, nan take ya kama. Injin cikinsa ne ya fara mutuwa? In mayar wa mutumin tun bai ce ni na lalata ba?

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar faɗa, ɗauko gilashin. Ka duba gefen hagunsa kusa da inda yake haɗuwa da kyamara, za ka ga maɓallai huɗu a jere. Na biyu daga sama yana da mazauni uku: FULL, sai 10m da alamar nan mai kama da takwas a kwance, sai 2.8-10m. Ina da yaƙinin naka yana kan na tsakiya.

Wannan maɓallin iyaka ne. In yana tsakiya, ka ce wa gilashin ke nan duk abin da bai kai nisan mita 10 ba, babu ruwansa da shi. Allon talla ya fi mita 10, tankin maƙwabta ya fi, yaran kan katanga sun fi. Ango da ya zo gabanka da 'yarka a kan tabarma sun shigo cikin iyaka. Umarnin da aka ba shi ya bi.

Za ka ce to me ya kai su sa abin da zai hana gilashi gani. Ka leƙa 'yar tagar nan da ke samansa mai nuna nisa, ka murza zoben fokas da hannu a hankali kana kallo. Daga 2.8 zuwa 10 za ka yi ta murzawa, tafiya ce mai tsawo. Daga 10 zuwa ƙarshen duniya kuwa ɗan taƙi ne, lambobin a cunkushe suke. Wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar injin, ko ma fiye, a kan abin da ke kusa take ƙarewa. To idan gilashi ya rasa abin da yake bi, sai ya shiga lalube: ya taho har kusa, ya koma har nesa, yana neman inda zai kama. Doki a guje yana cin sama da mita 10 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ya gama laluben nan an gama jafi an juya. In ka datse masa wannan doguwar hanyar, laluben ya zama gajere, kafin ka ƙifta ido ya dawo kan doki.

A Hawan Daushe na san darajarsa. Kana tsaye a Ƙofar Kudu, jama'a ta cika maƙil, kana bin wani hakimi da tawagarsa tun daga nesa, sai wani ya ɗaga waya a gabanka, ko hular dogari ta gifta. In kana kan FULL, gilashin zai baro hakimi ya dawo kan bayan wayar mutumin nan. In kana kan mita 10, ba zai kula ta ba, inuwa kawai za ka ga ta wuce. Ga ƙura kuma. Ƙurar kofato da hazon hunturu suna dusashe komai, kyamara ta rasa gefen da za ta riƙe, ga naka gilashin in ka zuƙe shi duka f/6.3 ne, ba ya shan haske sosai. Da rana ta yi sanyi lalubensa ƙaruwa yake yi.

Mu da muka fara da fim mai hoto 36 babu wannan gatan. Wuri muke zaɓa a ƙasa, ko wani dutse ko sawun mota, mu saita da hannu, mu jira doki ya taka wurin mu danna sau ɗaya. Sai an wanke ka san abin da ka samo.

Shawarata ka bar shi a mita 10 in kana hawa, kai ne za ka ja da baya. Ko da ya kama, a kyamararka in ka dawo da shi 150, wato ba ka zuƙo komai ba, abin da zai shiga hoto a nisan mita 10 bai wuce mita ɗaya da rabi ba a tsawonsa. Doki da mahayi ba za su shiga ba. Ka rataya wata kyamarar da gajeren gilashi saboda na kusa.

'Yar Zoo Road

Baba ya gama bayani, Allah Ya ƙara girma. Amma Baba a yi mini afuwa, a ƙarshen nan ban bi ka ba. Ba kowa ke da kyamara biyu ba, shi da ya ce har da kuɗin adashi ya haɗa. Kuma ba dokin gaba ɗaya yake nema a lokacin ba, fuskar ango yake so da rawani da hannu a sama, wannan kuwa zai shiga.

Ni abin da nake bi shi ne, duk abin da zai taho ya same ni, FULL. Abin da zai gifta ta gabana ko zai tsaya can nesa, in sa iyaka. Hawan angwanci ba Hawan Daushe ba ne, fili ne kai kaɗai a gaba, babu mai ɗaga maka waya. In dai ka sa AI Servo, wato saitin da kyamara ke bin abu mai motsi, ka ɗora ɗigon fokas a ƙirjin doki tun daga nesa ba ka saki ba, ba shi da dalilin lalube.

Nawa Canon 70-200 ne mai f/2.8, ƙira ta biyu, iyakarsa mita 1.2 ko 2.5, don haka ba ya cizo kamar naka. Duk da haka ya taɓa yi mini. Wajen kamu ne, na gama ɗaukar shigowar amarya daga bakin ƙofa, na matso zan ɗauki lallen hannunta da zobe, ya ƙi. Ƙawaye sun zagaye ni, uwar biki na cewa Hajiya yi sauri za a fesa turare. Gumi ya karyo mini, na kashe kyamara na kunna, na cire batir na mayar. Wata yarinya da nake koya wa aiki ce ta miƙo hannu ta tura maɓallin. Tun ranar, kafin in fito daga mota sai na bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, kamar mai lissafin canji.

In kana son ka ga amfaninsa da idonka, ka shiga gidan zu na Audu Bako da safe. Ka matsa jikin ragar keji iya inda aka yarda, ka nemi dabbar da ke can ciki. A FULL zai yi ta kama waya. Ka sa iyaka, ka buɗe ƙofar hasken gilashin duka, sai ragar ta narke kamar babu ita, muddin dabbar ta wuce mita 10. Haka ragar bayan gola a filin wasa na Sani Abacha.

Mai Gyara a Sabon Gari

Malam, a wata ina samun mutum biyu ko uku da irin wannan, wani ma har ya yi wa mai shago rashin mutunci kafin ya iso wurina. In tura maɓalli in miƙa masa, ya tsaya yana kallona.

Ga yadda za ka tabbatar da kanka. Mayar da maɓallin sama kan MF, wato saiti da hannu, ka murza zoben da hannu. Iyakar nan injin kawai take hanawa, ba ta hana hannu, don haka ya kamata ya kama 'yarka in dai ta wuce mita 2.8. Ƙasa da haka babu abin da zai sa ya kama, haka aka ƙera shi. Kuma awon daga jikin kyamara ake yinsa, inda aka zana ɗan da'ira da layi ya ratsa ta, ba daga bakin gilashi ba. Sannan ka koma AF, wato inji ya kama da kansa, da FULL, ka kama abu na kusa, ka kama na nesa, sau goma. In yana tafiya sumul babu ƙara babu tsayawa a hanya, lafiyarsa ƙalau. In ka ji yana ƙugi ko yana kakarewa a wuri ɗaya, wannan ka kawo.

Mazauni na ukun da ba wanda ya taɓo, 2.8-10m, na abin kusa ne: tsuntsu a reshen darbejiya, ƙadangare a kan katanga. Yana hana shi tserewa zuwa bishiyoyin baya in tsuntsun ya motsa. Akwai kuma wani faifai da kamfanin ke sayarwa, USB Dock, ana haɗa gilashin da kwamfuta a canza iyakar zuwa yadda mutum yake so, a ajiye a C1 ko C2, maɓallin can na ƙasa. Tunda na hannu ka saya, ka tabbata wannan yana kan OFF, don ba ka san abin da mai shi na farko ya zuba a ciki ba.

Maɓallan suna gocewa wajen sawa da fitarwa a jaka. Wasu suna manna ɗan salatif baƙi a kai. Kuma don Allah bayan kowane hawa ka goge jikin bututun da ke fitowa kafin ka mayar da shi ciki, iska yake zuƙa duk lokacin da ka ja shi, ƙurar Kano kuma ka san halinta.

Mai Hoton Gwammaja

Innalillahi. Baba, yana tsakiya. Ina karanta amsarka na tashi na ɗauko shi, ga shi nan zaune a kan 10m. Ina jin tun a shago haka yake, ni kuma duk gwajin da na yi na nesa ne, ban taɓa juya shi kan abin da ke gabana ba sai ranar aiki. Na zaci maɓallan na masu hana rawar hannu ne duka, shi ya sa ban taɓa su ba.

Na yi abin da mai gyara ya ce. Na tura FULL, na sa 'yar tawa ta tsaya bakin ƙofar kicin, ya kama har ƙwayar idonta. Na leƙa tagar ina murzawa, lallai daga 10 zuwa ƙarshe ɗan mitsitsi ne. Da yamma na hau Goron Dutse na gwada a kan shirwa. A FULL in ta kuɓuce mini sai komai ya wanke fari fat, in rasa ma inda take, sai na sauke kyamara na nemo ta da ido. Da na sa iyaka, ko ta fita daga ɗigon ina ganin duhunta, in dawo kanta ya cafke. Na ɗauki wajen 60, na samu takwas da zan iya nuna wa mutane. Abin da na lura kuma, kusan kilo biyu a hannu ba wasa ba ne, kafaɗata har yanzu tana gaya mini.

Hajiya, a hawan angwanci naki zan bi, don kyamara ta biyu sai wani adashin ya zagayo. Baba, in Allah Ya kai mu hawan Sallah zan sa iyakar in tsaya baya kamar yadda ka ce. Mai shago kuwa Allah Ya rufa asiri ban kira shi ba, saƙon da na rubuta masa tun daren Asabar na goge.

Saura ango. Na kira shi na faɗa masa gaskiya, ya yi dariya ya ce dokin aro ne amma alkyabba da rawani suna nan, zai yi wa mai dokin magana mu koma filin ranar Juma'a bayan la'asar ya sake jafin. Mai gyara, salatif ɗin nan na masu wayar lantarki ne, ko akwai wanda ba ya barin danƙo a jiki?