Ina so in saida gidana ba dillali, takardu sun tsaida ni

Salam 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. Ina da gida a Kofar Kaura nan Katsina, daki uku da falo da rijiya a tsakar gida, ina so in saida shi da kaina saboda dillalin da na fara tuntuba la'ada kawai yake lissafi, ko soron bai shiga ba ya yanka mai kudi.

Na yi fenti, na toshe inda rufi ke yoyo, har wani makwabci ya taya. To matsalar ita ce takardu, C of O din, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, har yanzu sunan wanda na saya hannunshi ne a kai, kuma ya rasu, abin da ke hannuna sai yarjejeniyar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Mai sayen ya kafe sai an nemo amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada kafin ya biya ko sisi.

Ta ina zan fara, magadan marigayin zan nema ko ma'aikatar filaye, ko lauya zan dauka? Wallahi abin ya hana ni barci, kudin nake so in kama wani gidan kafin damina.