Neman shawara: yarana sun iya kwafe rubutu, amma sun kasa ƙago labari

Malamar CM1, Garwa:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da ajin CM1, wato aji biyar na firamare, da Faransanci a wata makarantar gwamnati a nan Garwa, Kamaru, yaran ajina sun haura tamanin, yawancinsu Fulatanci ko Hausa suke yi a gida. Darasin insha'i ne ya sha mini kai. In na rubuta abu a allo, kwafewa ba ta ba su wuya, wasu ma hannunsu ya fi nawa kyau. Amma da zarar na ce kowa ya ƙago nasa labarin, sai ajin ya yi tsit, sai tauna biro. Makon jiya na ba su "Ranar da ba zan manta ba". Kusan rabinsu abu guda suka kawo: na tashi da safe, na yi wanka, na ci abinci, na ji daɗi. Wata yarinya kuwa labarin yaro mai wasa da dusar ƙanƙara ta rubuto mini, a Garwar nan da zafin Afrilu ke wuce digiri 40! Daga littafin karatu ta tsinto shi. Baɗi suna CM2, ajin ƙarshe, ga jarrabawar kammala firamare ta CEP na jiran su. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon malami mai ritaya, Marwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Yaranki ba labari suka rasa ba. Ki laɓe kusa da su lokacin tara ki ji: wanda ya yi shiru a aji shi ne ke ba da labarin yadda akuyar maƙwabta ta cinye musu garin tuwo, har da kwaikwayon muryar mai akuyar. Kan maganar da kika ba su ne ya yi faɗi, yaro ɗan shekara goma bai san ta inda zai kama shi ba. Ga kuma nauyi biyu a lokaci guda, neman abin faɗa da neman Faransancin faɗarsa. Ki raba musu su.

Abin da nakan yi shi ne in shigo da wani abu a hannu. Na taɓa tsintar silifa ƙafa ɗaya a cikin yashin kogin Mayo Kaliyawo da rani, ta yaro ce, an ɗaure igiyarta da waya. Na ɗora ta a tebur, ban rubuta komai a allo ba. Na ce ta wace ce? Wani ya ce ta almajiri. Wata ta ce a'a, ta mai tallan ƙosai ce, ga maiƙo a jiki. Na ce to ina ɗayar? Nan fa aji ya kaure. Wani ya ce kare ne ya biyo ta, wani ya ce ruwan damina ya tafi da ita tun bara, wani kuma da ba ya magana sam ya ce ai da gangan ta jefar, don a saya mata sabuwa kafin Sallah. Wannan na ƙarshen shi ne marubucin ajin, kuma ban sani ba sai ranar.

Duk wannan da harshen gida muka yi shi, minti goma, kafin a buɗe littafi. Kada ki ji tsoron sufeto. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa, manhajar firamare ta 2018 kuma akwai darasin harsuna da al'adun ƙasa a cikinta.

Malamin Faranko-Arab (makarantar Faransanci da Larabci), Kusseri:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ina da ja kaɗan. A nan bakin kogin Logon aji ɗaya za ka samu mai Larabcin Shuwa, mai Kotoko, mai Musgum, mai Hausa, har da waɗanda iyayensu suka ƙetaro gadar Ngeli daga Njamena. Harshen wa zan ɗauka in bar na wa? Kuma ranar CEP Faransanci za a nema, ba za a tambaye shi da wane harshe ya yi tunani ba. Ni a ganina talaucin kalmomi ne babbar cutar. Yaro ya san masunci sarai, ya san yadda ake jefa birgi, amma bai san sunan koma ko kwalekwale da Faransanci ba, shi ya sa yake gudu ya fake a "na tashi da safe", don ita ce jimlar da ya tabbata ba zai sha jan biro a kanta ba. Nakan raba allo biyu. Yaro ya faɗi kalma da harshen da ya ga dama, aji ya nemo ta da Faransanci, a rubuta a gefe. In an tara kamar goma sha biyar, sai in ce kowa ya ɗebi biyar ya gina labari.

Tsohon malami mai ritaya, Marwa:
Ba mu saɓa ba ɗana. Naka shi ne mataki na biyu. Sai dai ka bari gardamar ta yi zafi kafin ka ɗauki alli.

Maman 'yan biyu, Ngaundare:
Ni ba malama ba ce, ɗinki nake yi, amma bari in sa baki. Malama, kin gwada yanke musu tatsuniya? Ki fara "ga ta nan, ga ta nan ku", su amsa, ki kai Gizo har cikin rumbun sarki, ya cika cikinsa ya kasa fita ta ramin da ya shiga, ga takun dogarai na matsowa. Sai ki yi shiru. Ki ce kowa ya fitar da Gizo da kansa. Haka kakarsu ke yi wa nawa in barci ya ɗauke ta a tsakiya, washegari sai ka ji kowanne da nasa ƙarshen, har faɗa suke yi. Na ɗaya ya sa Ƙoƙi ta zo da man shanu, ɗayar kuwa ta ce a bar shi a kama shi, ai ɓarawo ne.

Sannan ki aike su da tambaya gida. Mu nan jirgin ƙasa na tashi da yamma ya kwana a hanya ya wayi gari a Yawunde, kuma tun 1974 layin ya iso garin nan, kusan kowane gida akwai tsohon da ke da labarin shigarsa ta farko. Ku ma ba ku rasa irinsa ba: dorinar Binuwai, ranar awon auduga, hawan Lamido da Sallah.

Wani uba, Gidar:
Waya da talabijin ne suka kashe kan yaran nan, ba wani abu ba. A zamaninmu wa ya koya mana ƙago labari?

Matashin malami, Garwa:
Alhaji, dandali ne ya koya muku, da farin wata. Yanzu ba a fita, dole aji ya ɗauki aikin. Kuma abin da suke kallon ma yana da amfani. Mazan ajina in ka ce su rubuta labari sai hamma, amma da na ce kowa ya zama mai tsaron gidan Coton Sport a filin Rumde Ajiya, saura minti ɗaya a tashi, an ba da fanareti, sai da na ƙwace takardu da ƙarfi.

Yaya Malama, maganar jan biro da malamin Kusseri ya taɓo, ki riƙe ta. In yaro ya kawo labarinsa na farko ya ga an yi masa jina-jina, gobe layi uku zai rubuta don kurakuran su ragu. A zubin farko ni ba na gyara komai. Nakan ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya da ta burge ni, in rubuta tambaya guda a ƙasa: sai me ya faru? Nahawu sai a zubi na biyu. Kuma ba sai kin duba tamanin duk mako ba, ki ɗauki layi ɗaya na benci, mako mai zuwa na gaba.

Malamar CM1, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau na shiga da tsohon kwaɗo mai tsatsa wanda ba makulli. Mai dusar ƙanƙarar nan ce ta ce na akwatin wata amarya ne da aka kai Pitowa ranar kasuwa, makullin kuma kishiya ta jefa a rijiya. Ta cika shafi guda, Faransancin duk a karye, amma na karanta har ƙarshe ina son jin abin da ke cikin akwatin. Saura matsala ɗaya: da ta faɗi nata da ƙarfi, sai kusan ashirin suka bi ta, kowa amarya da kishiya.

Tsohon malami mai ritaya, Marwa:
Wannan mai sauƙi ne. Duk amsar da aka faɗa a fili, ki rubuta ta a allo ki ce ta zama ta mai ita, an saye. Wanda bai yi magana ba ya nemo wadda ba ta kan allo. Kuma gobe ki fara tambaya daga bencin baya.