Ƙarfen riƙewa na matakalar bene: wanne kuka sa, kuma ya kuka ƙare da shi?

Mai Sabon Gini:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ginina ya kai matakin sa tayil, amma matakalar bene har yanzu ba mariƙi, gefe ɗaya bango ne, ɗayan kuma a buɗe. Mai tayil ya ce in bari ya gama nasa tukuna, mai walda kuma ya ce shi ne gaba. Uwargida sitenles take so, mai ƙyallin nan irin na otal. Ni kuwa hankalina yana kan Hajiyarmu da za ta dawo wurinmu, ga ta da ciwon gwiwa, ga kuma yara ƙanana. Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki a gidansa, don Allah ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Baban Yara, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Mai waldarka ya fi gaskiya. A gidana sai da aka gama shimfiɗa tayil aka zo kafa ƙafafun ƙarfen, wurin huda, tayil uku suka tsage, tartsatsin walda kuma ya bar baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kan sauran, har yau wanki bai fitar da su ba. Maƙwabcina da ya yi nasa bayana sai ya sa aka binne gindin ƙarfen cikin kankare, mai tayil ya zo ya yanka ya zagaye shi. Nasa ko ka jingina da dukkan nauyinka ba ya motsi.

Maiwalda:
Alhaji, wannan sana'ata ce, bari in ɗan tsawaita. Maganar wa zai fara ta danganta da irin ƙarfen. In baƙin ƙarfe ne, mu ne gaba: a fasa gefen matakala a kai ga rodi, a kama gindin da walda, birkila ya cike. In sitenles ne, yawanci bayan tayil muke ɗaurawa, da faranti a gindin kowace ƙafa, a huda a ɗaure da noti. Wannan ma yana ƙarko, in dai hudar ta wuce tayil da simintin da ke ƙarƙashinsa ta shiga kankare sosai, kuma ba a yi ta dab da baki ba. Inda ake cutar mutane shi ne a sa gajeren ƙusa mai noti wanda iyakarsa simintin tayil. Ranar da aka gama za ka ga abu tsaf, wata biyu yara na lilo a jiki sai ya fara rawa.

Sai maganar sitenles ɗin kansa. Kashi biyu ne suka fi yawa a kasuwa, mai lamba 201 da mai lamba 304. A ido duk ɗaya suke, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka je ko ta Dei-Dei a Abuja sai ka tambaya. 201 ya fi araha, kuma a cikin ɗaki a nan arewa yana yi. 304 shi ne mai jure ruwa da laima. Kada ka dogara da gwajin maganaɗisu, domin duka biyun ba kasafai yake kama su ba. Ka kuma tambayi kaurin bututun. Mai kaurin milimita 1.5 daban yake da wanda bai kai 1 ba, wanda ko kujera aka buga masa wurin hawa da kaya sai ya loɓa. Ka sa a rubuta lamba da kauri a takarda kafin ka ba da kafin alƙalami.

Mazaunin Legas:
Maganar 304 ɗin nan gaskiya ce. Gidan da nake haya matakalar a waje take, damina ɗaya sitenles ɗin ya yi jajayen tabo, musamman wuraren da aka haɗa da walda. Iskar teku ba ta raga wa ƙarfe. Ku na arewa kuna cikin sauƙi.

Ɗan Yamai:
Sauƙi ina? Mu rana ce matsalarmu. Matakalar da ke hawa saman soronmu a waje take, baƙin ƙarfe muka sa, a kasuwar Katako aka sayo. A watan Afrilu da azahar ba mai iya ɗora hannu a kai, tsohuwarmu sai ta naɗe hannu da gefen mayafi. Daga baya farin fenti muka shafa, ya ɗan rage. Tsatsa kam ba mu gani ba, don an fara shafa jan fentin nan na ƙasa kafin a sa na sama.

Uwargida Mai 'Ya'ya Huɗu:
Yaya, ni ta yara zan yi maka magana. Namu an yi shi da sanduna a kwance, layi huɗu, don ya fi kyau a hoto. Ashe tsani aka yi wa yara. Autana bai cika shekara uku ba na fito daga kicin na gan shi ya taka na biyu, cikinsa a kan na sama, yana leƙen falo. Ban san sanda na isa wurin ba. Ranar ban iya cin abinci ba. A satin aka zo aka cire, aka mayar da sanduna a tsaye.

Su ma na tsayen a kula da tazararsu. Ɗan ƙanwata ya taɓa cusa kai tsakanin sanduna a gidansu, kai ya shiga ya ƙi fita, sai da aka shafa man gyaɗa ana ja yana ihu. Ka gaya wa matarka ƙyalli ba laifi ba ne, amma ta zaɓi zanen da ƙafar yaro ba za ta samu wurin takawa ba. Masu furanni da lanƙwashe-lanƙwashen nan ma duk matakai ne a wurin yaro.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo wurin. Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda da yawanmu muke aro, ta ce kada tazarar sanduna ta bar ƙwallo mai faɗin santimita 10 ya wuce, wato kusan inci 4. Tsayin mariƙin kuma santimita 90 zuwa mita 1, kuma daga bakin matakala ake aunawa a miƙe sama, ba daga lungunta ba. Na sha zuwa duba gini in tarar an auna daga lungu, abu ya fito gajere, mai saukowa sai ya sunkuya. A saman bene inda ake tsayawa a leƙo ƙasa, ni nakan sa a kai shi mita 1.1.

Abin da na fi faɗa da masu gida a kai shi ne kaurin abin riƙewar. Mutum ya ga bututu mai inci 3 ya ce shi ne na manya. To hannu ba ya zagaye shi. Wanda santsi ya kwashe ba dafawa yake buƙata ba, damƙa yake buƙata, yatsu su kusa haɗuwa da babban yatsa. Inci ɗaya da rabi zuwa 2 ya isa, kuma mai zagaye ya fi mai kusurwa huɗu daɗin kamu.

Mai Gashin Ƙashi:
Malam, tunda ka ambaci Hajiya, kada ka tsaya a gefen da yake buɗe kawai, ka sa wani a jikin bangon ma. Mariƙin da ke hannun damanka in kana hawa, a hagu yake in kana saukowa. Na yi jinyar wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, hawa ba ya ba shi wahala, amma saukowa sai an riƙe shi, saboda ƙarfen ya koma ɓangaren hannun da ba ya aiki. Da 'ya'yansa suka ƙara na bango, da kansa yake saukowa sallar asuba. Kuma kada ya yanke a kwana. Tsofaffi sun fi faɗuwa a matakin farko da na ƙarshe, don haka a bar shi ya zarce da kamar ƙafa ɗaya a sama da ƙasa. Ita kuma Hajiya ku koya mata: wurin hawa ƙafa mai lafiya ce gaba, wurin sauka mai ciwon.

Amma fa in da ɗaki a ƙasa, a ba ta shi, ya fi komai.

Mai Sabon Gini:
Na gode ƙwarai, Anti. Ɗakinta a ƙasa yake, amma na san halinta, ba za ta zauna jikoki suna sama ba. Na bangon nan ban taɓa kawo shi a raina ba. Sai dai bangon bulo ne mai rami, inci 6. Zai riƙe?

Maiwalda:
In aka huda aka faɗa ramin bulo, ba abin da zai riƙe, filasta ce kawai take kama shi. Abin da nake yi, in sa alama a duk inda mariƙin zai kama bango, kamar kowace mita ɗaya, birkila ya fasa wurin ya cika da kankare, a bar shi ya bushe sosai kafin in dawo. Yanzu da ba ka yi fenti ba shi ne lokacin. Ka kuma kira mai wayarin ya nuna inda bututun wuta ya bi, don makunnin fitilar bene a wannan bangon yake zama. A bar tazarar kamar santimita 5 tsakanin ƙarfe da bango don yatsu su wuce.

Baban Yara, Kaduna:
Ƙarin abu ɗaya: bakin ƙarfen a lanƙwasa shi ya koma jikin bango. Nawa a miƙe aka bar shi, ranar wata Juma'a ya kama hannun babbar rigata ina sauri, saura kaɗan in kifa. Hijabin yara ma ya sha kamawa.

Kafinta:
Ba wanda ya ambaci katako, to ga ni. A cikin gida ba abin da ya kai shi daɗin riƙo, ba zafi ba sanyi, kuma hannu mai danshin alwala ba ya zamewa a kai kamar yadda yake yi a sitenles. Na yi wa mutane da dama ƙafafun ƙarfe, saman kuma maɗaci ko iroko. Sharaɗin dai katakon ya bushe. Wani ya kawo mini ɗanye daga kudu ya matsa sai an sa, hunturu na shigowa ya tsage ya murɗe. A shafa maganin gara, a goge shi sumul kada sartse ya shiga hannun yaro.

Uwargida Mai 'Ya'ya Huɗu:
Malam kafinta, katakon ba ya wahalar gogewa? Sitenles dai kullum sai na bi shi da tsumma, shatin hannun yara ba ya ƙarewa.

Kafinta:
Tsumma mai ɗan danshi ya isa, Hajiya. Sai dai duk bayan 'yan shekaru a sake shafa masa banish.

Injiniya:
Alhaji, ranar da za su ce sun gama, kada ka biya cikon kuɗi daga ƙasa kana kallo. Hau ka kama kowace ƙafa ka girgiza da ƙarfinka, ka bi da tafin hannu tun daga ƙasa har sama ka ji ko akwai kaifin walda da ba a goge ba. Ka tafi da gwangwanin da faɗinsa ya kai inci 4, ka gwada tsakanin sanduna, har da ƙasan inda suka haɗu da matakala. In ya wuce, su ƙara sanda kafin su kwashe injinsu.